Shinkafarsa Aka Dafa, Shi Bai Ci Ba

Da, a nan Kura, baƙo ba ya zuwa wurin abinci, abinci ne ke zuwa wurin baƙo. A shimfiɗa masa tabarma a zaure, a ajiye kwano rufe da faifai. Maigida ya ce bismillah, baƙo ya ce alhamdulillahi, a ƙoshe yake. Kowa ya san ba haka ba ne. Sai an nanata sau biyu, sau uku, har an ce raina girkin gidan ya yi, sannan ya matso. Yanzu kuloli ake jerawa a kan tebur, a miƙa wa mutum faranti, a nuna masa layi.

Na ci abinci a ƙasashe da dama. A Sudan mun kewaye tire guda, maigida yana turo mini tsoka da hannunsa. A otal-otal na Turai na bi layi da faranti ban ji komai ba, domin can babu wanda ya san ubana. Wannan sabo ne ya cuce ni. Da ɗana ya kawo maganar walimar aurensa, ya ce abokan aikinsa na Kano za su zo, yana so kowa ya ɗiba da kansa kamar yadda ake yi a birni, ban musa ba. Har daɗi na ji, wai mun waye.

Ina da amini a wani ƙauye na Bunkure, manomin rani, tare muka taso. Shinkafar walimar nan duka daga gonarsa ta fito. Shi da kansa ya sa aka turara ta, aka kai inji, ya aiko da ita saura mako guda, ya kuma hana a yi masa godiya.

Ran walima bayan azahar ya iso da babbar rigarsa ta Juma'a. Na zaunar da shi a sahun gaba ƙarƙashin rumfa, na koma tarbar mutane. Aka yi shela da lasifika cewa iyaye su taso su ɗiba. Samari suka riga iyayen, ana ture-ture, wani na cika faranti biyu, wani na ɗaukar hoton nama da waya. Ni ina can ina gaisawa da baƙin birni, ina ta yi musu Turanci.

Sai gab da la'asar na lura hannun aminina a bushe yake. Na leƙa kuloli, ƙanzo kawai ya rage. Na durƙusa gabansa na ce bari a kawo daga cikin gida, ya ce motarsu za ta tashi.

"Alhaji, da furfurata zan tsaya a layi riƙe da faranti, surukanmu suna kallo?" Ya yi murmushi. "Amma na hango shinkafar, ta yi wara-wara. Ba ta kunyata ni ba."

Washegari na kira ɗana. Ya rantse shi da kansa ya je wurin aminin nawa ya ce Baba a taso a ci abinci, Baba ya ce alhamdulillahi. Na tambaye shi sau nawa ya faɗa. Sau ɗaya. Ya ce ai wanda ya ce ya ƙoshi ya ƙoshi, shi ba zai yi wa babba dole ba. Ina jin harsuna huɗu, amma na kasa fahimtar da ɗan cikina da Hausa cewa ba tambayar dattijo ake yi ba, kai masa ake yi. Na yi ta faɗa, shi yana kallona kamar mai neman rigima a kan loma. Abin da ya fi ci mini rai, laifin ba nasa ba ne. Ni na san al'adun biyu, ni ya kamata in ware wa dattawa zaure.

Na je har gona na ba aminina haƙuri, na same shi yana sakin ruwa a fangali, yana shayar da shuka. Ya ce ba komai, zamani ne. Har yau muna zumunci, tumatir ɗinsa na fari ba ya wuce gidana. Amma tun daga ranar bai sake halartar wani taro namu ba, kuma in zai ziyarce ni sai ya ci abinci a gidansa.