Donats, Mai Dafa Tukwane da Hayaƙi

Kafin matarsa Genovefa ta gama tatsar saniya, Donats Skromans ya riga ya shiga rumfar aikinsa, ya cire takalmi yana tattake yumɓu. Daga nan sai ya hau faifan juyi, ƙafa na tura shi, hannu na jan tulun madara. Haka muka taso muka gan shi a ƙauyenmu na kusa da garin Rezekne, haka kuma 'ya'yanmu suka gan shi. Abin da ya daɗe yana ba mu mamaki shi ne yadda mutum zai tsufa a sana'a ɗaya amma tambaya ba ta ƙare a bakinsa ba.

Wajen mahaifinsa ya koyi ginin tukwane masu ƙyalli, kore da ruwan ƙasa. Da kwanonin ƙarfe suka cika kantuna a zamanin da gwamnati ta haɗe gonaki gandu ɗaya, magina da yawa suka watse. Shi ma ya shiga tuƙin tarakta, amma bai rushe tanderunsa na gasa tukwane ba. Wata rana yana huɗar gonar dankali, garma ta tono wani tsohon ɓallin tukunya baƙi ƙirin, ba fenti a jikinsa. Ya fasa shi, ya ga har cikinsa baƙi ne.

"Genovefa, me ya baƙanta wannan?"

"Tsufa mana. Kai ma kana hanya. Zo ka ci abinci."

Bai yarda ba. Ya bi tsofaffi gida gida yana tambaya, har wata ta tuna kakanta yana toshe tanderu bayan wuta ta kai ƙarshe, hayaƙi ya rasa mafita. Yaushe ake toshewa, da wane ice, ba ta sani ba. Donats ya shiga gwaji. Tanderu bayan tanderu, tukwane na fitowa toka-toka ko a tarwatse. Icen da aka tara don hunturu ya ƙare, dusar ƙanƙara ta same su suna ƙona tsohon shinge. Genovefa ta ce ko tanderu ko ita.

Maƙwabcinsa Jezups kan leƙo ta katanga ya ce, "Maƙwabci, yau ma tsakuwa aka dafa? Ajiye min, hanyar gidana na da rami."

Donats ya roƙi matarsa gwaji ɗaya tak. Ya cusa ice mai ƙaro, ya liƙe kowace kafa da yumɓu. Da tanderu ya huce aka buɗe, tukwane suka fito baƙaƙe sumul. Genovefa ta ƙwanƙwasa ɗaya, ta ji ƙara kamar ƙararrawa, ta rungume ta ta shige kicin. Jezups kuwa hula ya cire.

Kai ne ka dawo mana da aikin da ya ɓace tare da kakanni, Donats, mai dafa tukwane da hayaƙi. Kai ne ka gina wa cocinmu maɗorin kyandir mai rassa, ka ƙi a rubuta sunanka. Babu yaron da ya girma a nan bai busa usur ɗin yumɓunka mai siffar doki ba. Duk maginin da ya zo tambaya ka buɗe masa tanderu, ba ka ɓoye komai ba.

Bana hannu ya fara rawa, ya ce ya ajiye aiki, surukarsa Ilona da ta daɗe tana taya shi za ta ci gaba. Muka taru buɗe tanderunsa na ƙarshe, da baƙin burodi da cuku. Ana cikin fito da kaya sai ga wani tulu yana walƙiya kamar azurfa, irin da bai taɓa gani ba. Ya juya shi, ya shinshina, ya dubi Ilona.

"'Yata, wane ice kika sa ta gefen hagu?"

"Baba, ba ka ce ka daina ba?"

"Na daina ginawa. Wa ya ce miki na daina tambaya?"

Mun gode, Donats. Masu tasowa, ku je ku zauna kusa da shi tun yana nan. Amma ku shirya, shi zai fara yi muku tambaya.