Koren Kumatu

Mai sharar gidan ajiye zane-zane ta jingine tsintsiyarta tana kallon dattijon nan da ke zuwa kullum da safe. Dogo ne siriri, rigarsa a goge, bakin hannunta duk ɗigon fenti. Yana zaune gaban wani tsohon zanen mace, yana kwaikwayonsa don ya koyi zana fuska da fentin mai. Daga riƙon buroshinsa, tana zaton tsohon mai rubuta allunan shaguna ne.

Yana matsawa har hancinsa ya kusa taɓa ƙyallen, ya ja baya, ya murje ido. Kumatun da ke da ja-ja a zanen asali, shi kore yake shafa musu, cikin natsuwa.

"'Yata, ya yi kama kuwa?" ya tambaye ta.

Sai yanzu ta lura da yanar da ta fara rufe idanunsa. 

"Baba, kumatun nan fa kore ka sa."

Ya ajiye buroshin.

"Likita ya ce kafin baɗi ganin zai tafi," in ji shi. "Miƙo mini jan, kuma don Allah kada ki yi nisa."