Filon Inna Dije

Har in koma ga Allah ba zan manta da Talatar da muka kai maniyyata tantancewa Kano ba, aka nemi fasfon Inna Dije aka rasa. Malama Binta akawu ce ta ce in faɗa ta rubuta, don ku da kuka shigo aikin bayanmu ku ji. Ni ban yi karatu ba, amma na daɗe a ofishin nan.

Aikina rakiyar mata. A ofishin alhazai na ƙaramar hukuma jami'i ne babba, sai akawu, sai direba, sai ni a ƙarshe. Ni ke tara matan ƙauyuka in kai su bita, in riƙe hannun mai tsoron allura, in nemo wadda ta ɓace a layi. Direban kuwa maigidana ne, Malam Ado, Allah Ya jiƙansa. Watansa bakwai ke nan da rasuwa, kuma har yau idan aka tayar da motar ofis sai na ɗaga kai.

Ga wanda bai sani ba, tantancewa ita ce ranar da ake kai maniyyata birni, likita ya duba su, a yi musu allura, kowa ya miƙa fasfonsa don a nema masa biza. A shekarar an ce ƙarfe huɗu za a rufe karɓa, wanda bai miƙa ba a ba na jiran layi kujerarsa.

Inna Dije tsohuwa ce mai ƙuli-ƙuli, daga wani ƙauye gaba da Bici. Tun tana da ƙarfi take nufin wannan tafiya. Ranar da fasfonta ya fito ta riƙe shi kamar garwashi, ta tambaye ni inda za ta ajiye. Ni da bakina na ce ta naɗe shi a leda, ta ɗinke cikin abin da ba ta rabuwa da shi. Don haka laifin farko nawa ne.

Mun isa Kano da hantsi, aka gama allura wajen sha biyu, jami'i ya ce kowa ya fito da fasfo. Inna Dije ta ce nata yana nan lafiya lau cikin filonta. Na tambaye ta ina filon. Sai ta dafe kai, ta zauna a ƙasa.

Kun san mutanenmu. Mai niyyar Makka yakan bi gida-gida neman gafara, ya rabar da kaya kamar wanda ba zai dawo ba. Ita ta fara da wuri. Ta rabar da kwanuka da zannuwa, filon kuwa sabo ne, na audugar rimi, ta ga ba ta da abin da ya fi shi. Sai ta aika wa maƙwabciyarta Yalwa, wadda suka shekara da shekaru ba sa magana saboda iyakar gona. Ta manta sarai da abin da ke ciki.

Jami'i ya duba agogo ya ce, "Hajara, ba ni na sa dokar ba. Ku ɗauki motar, huɗu ta same ku a nan."

Malam mutum ne da ko keke zai wuce shi ba ya damuwa, har abokan aiki na ce masa Kunkuru. Ranar na ga tuƙin da ban taɓa sanin ya iya ba. Inna Dije tana baya tana kuka, kuma ba kujerar take wa kuka ba. Ta ce mu juya, gara ta rasa tafiyar da ta shiga gidan Yalwa ta ce a ba ta kyautar da ta yi don sulhu. Malam bai waiwayo ba ya ce, "Inna, ba filon za mu karɓa ba. Ɗan hayar da ke ciki za mu tasa."

Ni na shiga gaba na yi sallama. Yalwa na daka, ta ga Inna Dije a bayana, ta ajiye taɓarya ta ce, "Kin zo ki ga ko ya ci ni?"

Ashe da ta ɗora kai a filon ta ji abu mai tauri, mai kusurwa huɗu, an ɗinke wurin da baƙin zare. Ta ce ba shakka asiri ne aka aiko mata. Ba ta ko taɓa shi da hannu ba, da sanda ta ɗauka ta wurga kan rumbu. Kwana uku tana jiran liman ya dawo daga tafiya, da ta gaji ta yanke cewa bayan la'asar za ta ƙone shi. Da idona na ga karan da ta tara.

Ba tsani a gidan. Aka kife turmi, Malam ya naɗe babbar riga ya hau, mutum mai furfura. Ƙafarsa ɗaya ta huda jinkar rumbun, yana salati yana lalube, har ya jefo filon. Na farke ɗinkin da reza, auduga ta tashi ta rufe mu, na zaro ledar. Na buɗe wurin hoto na miƙa wa Yalwa. Ba ta iya karatu ba, ni ma haka, amma ta san fuskar.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Dije, wannan fuskar za ki kai wa Larabawa? Kamar wadda aka ƙwace wa akuya."

Inna Dije ta fashe da dariya, dariyar ta koma kuka, suka rungume juna suna neman gafara, Malam kuma yana kan rumbu yana roƙon a riƙe masa turmi ya sauko. Filon muka bar wa Yalwa.

Huɗu saura kaɗan muka shiga wurin tantancewar. Jami'i ya karɓi fasfon, ya kalli audugar da ta cika gemun Malam da hularsa, ya tambaye shi ko a hanya ya ƙarasa tsufa. Inna Dije ta yi hajjinta ta dawo lafiya, kuma Yalwa ce farkon wadda ta ba ruwan Zamzam.

Tun daga ranar ban ƙara ce wa kowa ya ɓoye fasfo ba. Sai in ce a nuna mini wurin, jajibirin tantancewa kuma a nuna mini shi a hannu. Amma babban abin da na koya, tsofaffinmu sun fi tsoron kunya da rasa jirgi. Idan ƙofa ta yi musu nauyi, aikinku ne ku shiga gaba ku yi sallamar.

Duk shekara idan aka fara raba fasfo Malam yakan ce, "Hajara, rumbun wa zan hau bana?" Mu yi ta dariya har akawu ta leƙo. Bana ba wanda ya tambaye ni, na koma bayan ofis na yi kukana. Ina share hawaye aka ce ana nemana. Yalwa ce, 'ya'yanta sun biya mata kujera. Ta ɗora fasfonta a tafin hannuna ta ce in riƙe mata, ita filo ɗaya gare ta, kuma ba ta so a sake farke shi.