Rabin Tukunyar Bayan Coci

Jama'a, wallahi tallahi wannan abu da ni ya faru, ba hirar teburin mai shayi ba ce. Shekarun baya ina da shagon ɗaukar hoto a Tudun Wada, to ni Allah Ya jarabce ni da son tsofaffin gine-gine, duk ranar da babu biki sai in rataya kyamara in hau babur in yi ta gararamba daga Kiru har Doguwa, har abokai suka sa mini Mai Hoton Kufai.

Wata rana da bazara na faɗa wani ƙauye can cikin duwatsun Doguwa, inda akwai tsohuwar coci tun zamanin Turawan haƙar kuza. Rufinta ya rufta, bayanta kuma kaburbura ne masu gicciyen ƙarfe duk tsatsa. Ban ga kowa ba, ban kuma nemi kowa ba. Ina saita kyamara sai ga wata rabin tukunya kife a tsakiyar fili tana ɓata mini hoto, na ɗauke ta, na ga zanen jikinta ya yi kyau, na jefa a jaka in yi adon shago, sannan na ɗauki hotunana.

Washegari matata Rabi ta tashi da ciwon kai, ga ta da tsohon ciki. Tana cikin ɗaki, taga a rufe, amma ta dafe kai tana kuka wai rana tana dukanta. Muka je asibiti, aka auna, ba a ga komai ba. Ta daina ci, ta daina barci, ni kuwa hankalina ya gama tashi, don gani nake zan rasa ta da abin da ke cikinta.

Ana cikin haka na buɗe hotunan a kwamfuta. Innalillahi! A hoton bayan cocin ga wata tsohuwa zaune a ƙasa cikin rana, ta ɗora hannu biyu a ka, daidai yadda Rabi take yi. Na rantse da Allah babu ko akuya a filin nan ranar.

Ban tsaya shawara ba na koma da tukunyar. Aka haɗa ni da Baba Ɗanladi, wani dattijo Kirista mai kula da wurin. Na durƙusa na gaishe shi na faɗa masa komai.

Ya ce, "Ɗan nan, gicciye na Turawa ne. Mu tukunya muke kifawa wajen kai. Ku Musulmi ba haka kuke yi ba?"

Kunya ta kama ni, don ko kabarin mahaifina haka yake. Ni na zaci duk kabarin Kirista sai da gicciye.

Na ce, "Baba, a nuna mini gurbinta."

To ga fili ya shafe, ga idonsa ya yi rauni, ya kasa ganewa. Sai na nuna masa hoton a waya, ya kai shi dab da fuska, ya ƙura wa tsohuwar ido.

Ya ce, "Innata ce. Kife ta inda take zaune."

Na je daidai wurin na kife ta. Ban kai ga babur ba Rabi ta kira ni, muryarta a sake, wai inuwa ta zo, barci take ji.

Da na dawo na sake buɗe hoton, babu tsohuwa, sai tukunyar nan kife a wurinta, alhali tana cikin jakata lokacin da na ɗauki hoton. Rabi ta sauka lafiya, mace, amma har yau yarinyar ba ta barci sai an rufe mata kai.

Don Allah in kun shiga maƙabarta, ko ta waye, ku yi sallama, ku nemi mai wurin, kuma ko tsinke kuka gani ku bar shi inda yake.