Shafi Goma Sha Ɗaya a Littafin Malam Habibu

A aji uku na sakandare na tsaya, shekarar da mahaifina ya kwanta ciwo. Babu wanda ya riƙe hannuna. Da kwaɓa ƙasa na fara, na koyi ɗora bulo da igiya da ido, na sayi injin buga bulo, na gina azuzuwa a ƙauyuka tsakanin Tsanyawa da Ɗanbatta, na kai mahaifiyata Makka. Mutum ɗaya ne a duniya zan ce ya koya mini abu, kuma ranar Talata ina kan katanga aka kira ni aka ce ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da siminti a hannuna na isa wurin jana'iza.

Malam Habibu ya koyar da lissafi a jami'a har ya yi ritaya, ya dawo garinmu yana noman gero kamar kowa. Ginin ɗakin littattafansa ne ya haɗa mu. Ya same ni ina ƙirga bulo da tsinke a ƙasa, ya daɗe a tsaye, ya ce, "Wa ya koya maka wannan hanyar?" Na ce babu. Ya ce, "To, ka zo bayan la'asar." Shekara shida ina zuwa. Bai taɓa barina na zauna a ƙasa shi yana kan kujera ba. Idan na gyaɗa kai da wuri sai ya ce, "Sale, kada ka ce ka gane don kana jin kunyata."

Abin da ya ƙare rayuwarsa a kai shi ne lissafin x. Akwai lamba, akwai x, akwai x sau x wanda muke kira hawa biyu, da hawa uku, har sama. Duk yadda ka tara su, ko ka ɗebe, ko ka ninka, amsar ba ta fita daga cikinsu. Wannan taron shi masana ke kira zobe. Shi Malam ƙananan zobban da ke cikin babban yake bi, yana rubuta littafinsu da Hausa.

Wata rana ya ce, "Kori x mai hawa ɗaya, ka bar sauran. Ginin zai tsaya?" Mako guda ina juya shi a bakin aiki. Na dawo na ce zai tsaya, domin babu abu biyu a cikin ragowar da za ka ninka su haifi hawa ɗaya. Amma na ga tsaga. Hawa shida, ana gina shi da hawa biyu sau uku, ana kuma gina shi da hawa uku sau biyu, kuma babu wanda ke ƙara rabuwa a cikinsu tunda an kori ɗaya. A babban zobe hanya ɗaya tak ake warware abu. A nan biyu.

Malam ya cire tabarau. Ya ce, "Masana sun san wannan tun ba a haife mu ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma su littafi ya gaya musu. Rubuta shi da hannunka, zai zama babi." Na rubuta shafi goma sha ɗaya.

Ranar sadakar uku, Dokta Nasiru, tsohon ɗalibinsa, ya zo daga Kano zai tattara takardun a buga littafin. Duk wadda ba rubutun Malam ba ce sai ya ware ta gefe. Da yake kowane shafi da Bismillah ya fara, ba a zuba su a juji, ƙona su za a yi a bayan gida. A saman tarin na hango rubutuna.

Na ce, "Dokta, waɗannan fa?"

"Gwajin ɗalibai ne, Alhaji. Babin yana nan a tsabtace da hannun Malam."

"Daga ina ya kwafe shi?"

Ya dube ni. "Af, kai ne maginin ko? Dama ina so a duba rufin nan, kamar yana yoyo."

"Ba ya yoyo. Ni na yi shi."

Na zauna na ɗora hannu a kan takardun. Auwalu, babban ɗan marigayi, ya sunkuyo ya ce, "Baba Sale, don Allah, mutane na kallo." Na ce su kalla. Maganar ta shiga cikin gida, sai Hajiya Rabi, matar Malam, ta aiko a kai mata takardun ɗakinta, ba a ƙona ko ɗaya, ba a fita da ko ɗaya sai bayan sadakar bakwai. Ta ce ta san muryar da ke gardama da mijinta kullum bayan la'asar.

Na duba kwafin Malam, babu sunana. Ban zarge shi ba. Ya taɓa ce mini shafin godiya ga waɗanda suka taimaka shi ne ƙarshen abin da zai rubuta, ajali ya riga shi.

Allah Ya jiƙan Malam Habibu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa ilimin nan ya bi shi da lada. Allah Ya ba Hajiya da Auwalu da ƙannensa haƙuri, Ya raya abin da ya bari.

Ranar Litinin takardun za su tafi Kano. Dokta, Auwalu, a gaban jama'ar da ta taru sadakar bakwai nake faɗa: ba na neman ko sisi. A ɗauko shafukan nan goma sha ɗaya a ajiye kusa da babin, a gwada layi da layi. Idan sun dace, a rubuta a saman babin: Sale Garba, magini.