Igiyar Gefen Gwiwa

Shekarar da kacalla ta toshe hanyar ruwan ƙauyenmu, gab da Guri, aka kira gayya. Kacalla ciyawa ce da ta fi mutum tsayi, in ta kama wuri ko kwalekwale ba ya ratsawa. Ni masunci ne. A tsaye nake tuƙi da gora, a tsaye nake jefa birgi, ragar kamun kifi, tun ban yi gemu ba.

Ina yanka, ruwa iya ƙwauri, ƙafata ta dama ta nutse cikin laka tsakanin saiwoyi. Sai kwalekwalen da muka loda wa ciyawa ya ƙwace wa mai riƙe da shi. Bakinsa ya dake ni a gwiwa, ta gefen ciki. Na ji ɗas. Na faɗi.

Ƙanina ya kai ni wurin maɗori, tsohon da ya ɗora rabin ƙasusuwan garinmu. Ya lalube ni, ya ce ƙashi lafiya lau.

"Ina jirgin ya same ka?"

Na nuna masa ciki, inda fata ta yi baƙi.

"To nan ciwon yake. Mataccen jini ne."

A wurinmu haka ake yi: inda aka daki mutum, nan ake yi masa magani. Wanzami ya kafa ƙaho a wurin har sau uku. Aka shafa mai, aka ɗaure. Na ce musu ta waje ma ina jin zafi. Maɗori ya ce, "Maƙwabtaka ce, ɗana. In gida ya kama wuta, na kusa ma yana jin ɗumi."

Bayan wata biyu kumburi ya sauka. Na shiga kwalekwale, na kafa gora, na dogara a kan ƙafar. Gwiwa ta goce waje. Na tsinci kaina a ruwa. Kuma tun kafin nan silifa ke zame mini ban sani ba, yatsuna suna jan ƙasa.

"Yaya, ka zama agwagwa," in ji ƙanina yana jawo ni. Ya dubi yadda ƙafar ke lilo, ya daina dariya. Washegari muka hau mota zuwa asibiti a Haɗejiya.

Likitan bai ko kalli tabon ƙahon ba. Ya kwantar da ni, ya dafe gwiwar ta ciki, ya turo idon sawuna zuwa ciki. Ina kallo gefen waje ya buɗe kamar ƙofar da ƙusarta ta fita. Ƙafata ce, amma ban san ta ba. Ƙanina ya yi salati da ƙarfi.

Likitan ya ce, "Baba, zauna. Ɗora sawun hagu a kan cinyar dama. Kawo yatsanka."

Ya sa yatsana a gefen waje na gwiwar mai lafiya. Akwai wani ɗan ƙullin ƙashi a ƙasa kaɗan. Sama da shi na ji abu a miƙe, da tauri, kamar igiyar da ta ja jirgi. Shekara hamsin ina yawo da ita ban san tana nan ba.

"Wannan jijiya ce ke ɗaure ƙashin cinya da kan siririn ƙashin ƙwauri," in ji shi. "Ita ke hana gwiwa buɗewa ta waje. A bayanta akwai wasu ƙanana da ke hana ƙafa murɗewa. Yanzu taɓa ɗayar."

Na taɓa. Nama kawai. Na ƙara dannawa, na nema sama da ƙasa. Babu.

"Amma ta ciki aka dake ni," na ce.

"In ka lanƙwasa kara, ta ina yake fara tsagewa?"

Ta baya. Kowane yaro ya san haka. Wata biyu muna zubar da jinin gefen da bai yi komai ba.

Ya ce in ɗaga yatsuna sama. Na umarce su, ba su motsa ba. Ya ce wata jijiyar daban, mai kai saƙo, tana zagaye wuyan ƙullin nan, ita ma ta jawu har ta mutu.

"Da kun zo a makonnin farko, da an ɗinke igiyar. Yanzu ta tattare. Sai dai a dasa wata, a Kano."

"Zan tsaya a jirgi?"

Ya ce, "Za ka yi tafiya, in Allah ya so. Jirgi ban sani ba."

An yi aikin. Gwiwa ta daina gocewa a tudu. Sawun bai dawo ba. Na yanko robar tayar keke, na ɗaure daga yatsu zuwa ƙwauri, tana ɗaga mini shi.

Na gwada tsayuwa a kwalekwale sau biyu. Sau biyu aka tsamo ni.

Yanzu ƙanina ke riƙe gora, shi ke jefa birgi. Ni ina zaune a baya da filafili. Wani lokaci, in ruwa ya kwanta, nakan ɗora sawun hagu a cinya in taɓa igiyar da ta rage, in ji ko tana nan.