Awakina huɗu a tsakar gidan Sabuwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha biyar ga Rajab, 1446, jim kaɗan bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran maƙwabciyata kuma ɗalibata, Sabuwa matar Malam Uwaisu, a gidansu da ke Paki, bayan doguwar jinyar ciwon suga. Ta bar mijinta da 'ya'ya huɗu.

Sabuwa, shekara goma sha ɗaya kina zama a sahun gaba a makarantar matan aure da nake koyarwa. Hadda ba ta zama miki, kina dariya kina cewa, "Malama, kan nan nawa rariya ne." Amma abin da kika ji sau ɗaya, kin riƙe shi a aikace. Lokacin rasuwar mahaifiyata, ke kika daka geron sadaka har tafin hannunki ya yi bororo, kika ɓoye shi cikin mayafi don kada in gani. Babu matar da ta haihu a unguwarmu ba ta sha kununki ba, alhali na san wani lokaci daga bakin 'ya'yanki kika rage shi.

Don in taimake ki ba tare da kin ji kunya ba, na ba ki awakina huɗu kiwo, in sun haihu mu raba 'ya'yan. Ina zaton alheri na yi.

Bara, ma'aikatan rajista suka zo rubuta gidajen marasa ƙarfi da za a ba katin inshorar lafiya kyauta, miji da mata da yara. Da idonsu suke auna gida, sannan su yi tambaya. Da kika ji baƙi na tafe, kika share tsakar gida, kika aro dardumata da kujeru biyu, kika ɗaura zanen sallarki, kika dama musu fura. Ina zaune a gefenki ma'aikaciyar ta tambaya sau nawa kuke cin abinci a rana. Kika ce, "Alhamdu lillahi, ba ma kwana da yunwa." Ta ƙirga awakin, ta rubuta su a matsayin naku. Kika dube ni. Na sunkuyar da kai.

Ni na koya miki cewa kamun kai ado ne ga talaka, kuma mumini ba ya kai ƙarar Ubangijinsa wurin bayi. Na ji nauyin in tona asirin gidanki gaban baƙi, kuma na ji tsoron a ce Malama tana gori da awaki. Wannan tsoron na biyu shi ne ba na iya yafe wa kaina.

Sunanku bai fito ba. Malam Uwaisu ya je ofishinsu a Ikara sau uku, aka ce an rufe rajista sai zagaye na gaba, sai dai ya shiga tsarin masu biya. A takarda kun fi ƙarfin kyauta, a gida kun gaza biya. Kika koma raba ƙwayar magani biyu. Da na ce zan sayar da awakin, kika ce, "Malama, ki bari su haihu tukuna." Na bari.

Na sani ajali ba ya jiran kati. Amma an umarce mu da neman magani, kuma shaida amana ce. Na tambayi malamai biyu ko shiruna sutura ne ko ɓoye shaida. Kowa ya ce in yi istigfari, babu wanda ya ce ba ni da laifi.

An ce ma'aikatan za su dawo. Malam Uwaisu yana fama da hawan jini. Ranar sadakar uku na roƙe shi, daga bayan labule, ya bar ni in faɗa musu gaskiyar gidan. Ya ce, "Malama, abin da ta rufe da ranta, ni zan buɗe bayan ta?" Na dai kwance awakina na mayar gida. Ɗaya ta haihu jiya, kuma rabonki yana nan.

Ya Allah, Ka gafarta wa Sabuwa, Ka sa jinyarta ta zama kaffara, Ka suturta ta kamar yadda ta suturta gidanta. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Uwaisu, da babbar 'yarta Firdausi da ƙannenta, da danginta na Kurmin Kogi. Allah Ya ba su haƙuri. Ni kuma, ranar da baƙin suka dawo, Allah Ya ba ni ikon ɗaga kai.

Juwairiyya Sama'ila, Paki